Kasafin kuɗin kamfani: a zauna a kan Excel ko a sayi manhaja ta musamman?

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen kuɗi na kamfani ya san watanni ukun nan na ƙarshen shekara. A aika wa shugabannin sassa fayil ɗin Excel su cike, a jira mako biyu, a bi su da waya. Idan fayilolin suka dawo, wani ya ƙara layi a tsakiya, wani ya goge dabarar lissafi ya rubuta lamba da hannunsa, wani kuma fayil ɗin bara ya cike don shi ya fara gani. Akanta ya kwana yana haɗa fayil talatin wuri guda. Da ya gama, shugaban kamfani ya duba ya ce a rage kashi 8 cikin ɗari, a koma farko. Kafin hukumar daraktoci ta sa hannu, farashin kayan da aka gina lissafin a kansa ya riga ya motsa.

A cikin wannan gajiyar ce masu tallan manhaja suke samun shiga, kuma ban ga laifin wanda ya saurare su ba. Sai dai na ga kamfanin da ya zuba kuɗi ya sayi manhaja mai suna, bayan shekara guda ma'aikatansa suna sauke lambobi daga cikinta zuwa Excel suna aikinsu kamar da. Tun daga nan na gane tambayoyi biyu ne a gaban mai son gyara, kuma ta farkon ce ake yawan tsallakewa: wane irin kasafi za mu riƙa yi? Sai an amsa ta sannan a tambayi wace manhaja za ta iya ɗaukarsa.

Irin kasafin tukuna

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ɗorawa a kan na bara. A ɗauki abin da sashe ya kashe, a ƙara masa wani kaso saboda hauhawar farashi, shi ke nan. Tana da sauri, ba ta tayar da ƙura. Illarta ita ce duk ɓarnar da ta shiga lissafi sau ɗaya ta zama gado. Tana kuma koya wa manajoji ɗabi'u biyu. Ta farko, mutum ya nemi fiye da buƙatarsa domin ya san za a zaftare. Ta biyu, idan watan ƙarshe ya zo da saura a hannunsa ya yi gaggawar kashewa, don kada baɗi a ce ai ba ya buƙata. Ba mugunta ba ce ta sa su haka, tsarin ne ya nuna musu nan ribarsu take.

Kishiyarta ita ce kasafi daga sifili, inda kowane sashe zai kare kowane kuɗin da yake nema kamar yau aka buɗe shi. Peter Pyhrr ne ya tsara shi a kamfanin Texas Instruments a ƙarshen shekarun 1960, Jimmy Carter ya ɗauke shi lokacin yana gwamnan jihar Jojiya, sannan ya kai shi gwamnatin tarayyar Amurka a 1977. Yana tono abubuwan da aka daɗe ana biya babu mai tambaya: lasisin manhajar da ba mai buɗe ta, hayar ofishin da rabinsa ba kowa. Amma aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, kuma idan aka mayar da shi wuƙar yanka kawai yakan yanke har da jijiya. Kamfanin Kraft Heinz, wanda ya shahara da tsuke bakin aljihu ta wannan hanya bayan haɗewar kamfanonin Kraft da Heinz a 2015, ya sanar a watan Fabrairun 2019 cewa ya rage darajar kadarorinsa da dala biliyan 15.4, kuma masu sharhi da dama sun danganta hakan da ƙarancin kashe kuɗi wajen raya hajojinsa. A ganina kasafi daga sifili magani ne da ake sha lokaci-lokaci. A ɗauki sashe ɗaya ko biyu kowace shekara a tone su, a bar sauran, baɗi a juya.

Hanya ta uku ita ce na fi so, wato gina kasafi a kan abubuwan da suke motsa kuɗin. A ce kamfanin jigilar kaya ne. Maimakon a rubuta "man mota: na bara da ƙarin kashi 10", sai a rubuta mota 40, kowace tana cin kilomita 6,000 a wata, tana shan lita 30 a kowace kilomita 100. Lita 72,000 ke nan a wata, a ninka da farashin lita. Ranar da sashen ciniki ya ce za a ƙaro mota biyar, lamba ɗaya za a canza, lissafi ya koma lita 81,000 da kansa, albashin direbobi da kuɗin gyara da na inshora su bi sahu. Muhawara a ɗakin taro ta tashi daga "kuɗin nan sun yi yawa" ta koma "me ya sa motarmu take shan lita 30?", wadda tambaya ce da ake iya amsawa.

Ta huɗu ita ce hasashe mai tafiya gaba. Duk bayan wata uku a sabunta lissafi a ƙara wasu watanni ukun a gaba, ta yadda kullum ana hango wata 12 ko 18. Wasu sun wuce nan sun yi watsi da kasafin shekara ɗungurungum. Bankin Handelsbanken na Suwidin ya yi haka tun zamanin Jan Wallander, wanda ya karɓi ragamarsa a 1970, kuma a 1998 Jeremy Hope da Robin Fraser suna cikin waɗanda suka kafa wani dandali a Birtaniya don yaɗa wannan ra'ayi. Ba na ba kowa shawarar ya yi tsalle zuwa can, musamman kamfanin da banki ko masu hannun jari suke neman takardar kasafi a wurinsa. Amma akwai darasi guda da ya kamata kowa ya ɗauka daga wurinsu: lamba ɗaya ba za ta iya zama buri, ta zama hasashe, ta kuma zama iznin kashe kuɗi a lokaci guda ba. Idan alawus ɗin manajan ciniki ya dogara da lambar da ya ba ku, ƙarama zai ba ku. A raba ukun. Buri ya zama mai tsawo, hasashe ya zama gaskiya ko da ɗaci, iznin kashe kuɗi kuma a sake shi kashi-kashi.

To, da an tsayar da wannan, zaɓin manhaja ya yi sauƙi da rabi. Mai ɗorawa a kan na bara ba ya buƙatar komai fiye da Excel. Mai son sabunta hasashe sau huɗu a shekara kuwa ba zai jure haɗa fayil talatin da hannu sau huɗu ba.

Excel, da inda ƙarfinta ya ƙare

Kada kowa ya raina Excel. Tun fitowarta a 1985, bayan manhajojin lissafi irinta da suka riga ta, VisiCalc ta 1979 da Lotus 1-2-3 ta 1983, babu abin da ya kama ƙafarta wajen sauƙin gwada tunani. Kowane akanta ya iya ta, kuma kamfani ya riga ya biya kuɗinta. Kamfani guda mai kuɗin ƙasa ɗaya, wanda masu cike kasafinsa ba su wuce mutum goma ba, zai iya zama a kanta shekaru cikin rufin asiri idan ya yi ladabi: duk zato da ƙiyasi su zauna a shafi ɗaya, a kulle gidajen da ke ɗauke da dabarar lissafi, a yi aiki a fayil guda da kowa ke shiga ta intanet maimakon aika kwafi, a kuma jawo lambobin gaske daga manhajar akanta ta hanyar Power Query, wato kayan jawo bayanai da ke cikin Excel, maimakon kwafa da liƙawa.

Matsalarta ita ce ba ta faɗa maka idan ka yi kuskure. A 2012 bankin JPMorgan ya yi asarar sama da dala biliyan 6 a ofishinsa na Landan, kuma rahoton binciken da bankin da kansa ya fitar ya nuna cewa ma'aunin haɗarin da aka dogara da shi yana tafiya ne a jerin shafukan Excel da ake cikewa da hannu, inda wata dabara ta raba lamba da jimla maimakon matsakaici, haɗarin ya fito ƙasa da yadda yake. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 bai shiga rahoto ba, saboda tsohon nau'in fayil ɗin da aka yi amfani da shi ba ya wuce layi 65,536. Waɗannan wurare ne masu ƙwararru. Sabon nau'in fayil yana ɗaukar layi 1,048,576, wanda ake ji kamar ba zai cika ba, amma a lissafa: haja 2,000 a reshe 60 na wata 12 ya ba da layi 1,440,000. An wuce iyaka tun ba a sa na bara a gefe don kwatanci ba.

Masu barin ku a cikin Excel, da masu fitar da ku

Nan ne mafi yawan matsakaitan kamfanoni za su yi zaɓinsu, don haka zan ɗan daɗe.

A gefe guda akwai Vena ta Kanada, da Datarails, da Cube. Dabararsu ɗaya ce: fuskar da ma'aikaci yake gani Excel ce, amma lambobin ba a cikin fayil suke zaune ba, suna cikin rumbun bayanai guda a baya. Manajan sashe zai buɗe shafin da ya saba, ya cike, ya danna, lambarsa ta tafi rumbu. Manhajar ta san wa ya rubuta me da ƙarfe nawa, ta san wanda bai miƙa nasa ba, tana kuma hana manajan wani sashe ganin albashin da ba na mutanensa ba. Cube tana aiki da Google Sheets ma, wato takwarar Excel ta kamfanin Google. Babban amfanin wannan rukuni shi ne mutane ba sa gudunsa. Wanda ya shekara goma sha biyar yana aiki da Excel ba za a ce masa ya koma ɗan aji ɗaya ba.

Haɗarinsa kuma daga nan yake fitowa. Tunda yana karɓar tsoffin shafukanku yadda suke, yana iya karɓar tsohon ruɗaninku ya ba shi sabon gida. Idan kasafinku layi ɗari huɗu ne da babu wanda ya san dalilin rabinsu, za ku samu layi ɗari huɗun nan daram, sai dai yanzu suna da kuɗin lasisi a kansu.

A ɗaya gefen akwai Workday Adaptive Planning, da Planful wadda a da ake kira Host Analytics, da Prophix. Waɗannan a burauza ake shiga su, suna da nasu fuska, kuma sun zo da gurabe shiryayyu na abubuwan da kowane kamfani ke lissafawa: ma'aikata da albashinsu da ranar ɗaukarsu, manyan kadarori da yadda darajarsu ke raguwa, kuɗin shiga, kuɗin hannu. Ka ce za a ɗauki injiniya a watan Afrilu, ita za ta lissafa albashin wata tara da abin da ke biye da shi. Suna tilasta tsari, kuma tilascin nan alheri ne ga kamfanin da yake girma da sauri. Dukkansu suna da hanyar fitar da rahoto zuwa Excel, amma ginin lissafin a cikinsu yake. Adaptive, wadda Workday ya saya a 2018 a kan kusan dala biliyan 1.55, ta fi daɗin aiki ga wanda bayanan ma'aikatansa suke cikin Workday tun asali, ko da yake tana haɗuwa da wasu manhajojin akanta.

Wanne za a ɗauka? Ni abin da nake dubawa shi ne ina ciwon yake. Idan lissafinku mai kyau ne, wahalar tattarawa da bin sawu ce kawai ta dame ku, ku ɗauki rukunin Vena, za ku fara cin moriya da wuri. Idan kuwa lissafin kansa ne ya tsufa, ko kuma mafi yawan kuɗinku a albashi suke tafiya kuma ana ɗauka ana sallama kowane wata, rukunin Adaptive ya fi, domin zai sa ku sake gini daga tushe. Sai dai ku shirya wa gunaguni na watannin farko, kuma ku tabbata shugaban sashen kuɗi da kansa ya daina karɓar lamba ta bayan fage. Ranar da ya karɓi fayil ɗin Excel daga wani manaja "don sauri", ranar manhajar ta fara mutuwa.

Manyan: Anaplan da 'yan'uwanta, OneStream da nata

Sama da waɗannan akwai manhajoji iri biyu da ake yawan haɗa su a tebur ɗaya alhali ba aiki ɗaya aka ƙera su dominsa ba.

Anaplan, wadda aka kafa a Ingila a 2006 kuma kamfanin zuba jari na Thoma Bravo ya saye ta a 2022, fili ce da ake gina duk irin lissafin da ake so a kai. Haka Pigment ta Faransa, wadda ta zo a 2019, da IBM Planning Analytics, wadda tsofaffin hannu suka fi sani da TM1, da Board da Jedox. Ƙarfinsu shi ne lissafi mai fuskoki da yawa, irin haja 2,000 a reshe 60 ɗin nan, da kuma haɗa sassan da ba na kuɗi ba. Sashen ciniki ya canza hasashensa, nan take mai sayo ɗanyen kaya ya ga abin da zai ƙara, mai kula da sito ya ga wurin da zai buƙata, ma'aji ya ga watan da kuɗin hannu zai yi ƙasa. Ga kamfanin da yake ƙera kaya ko yake da shaguna masu yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fili ne, ba gida ba. Sai an samu magini. Za ku biya kamfanin ƙwararru ya gina muku, sannan ku riƙe aƙalla mutum ɗaya ko biyu a cikin gida waɗanda suka iya gyara ginin. Idan mutumin nan ya ajiye aiki babu magaji, kun koma inda kuka fito, wato lissafin da mutum ɗaya kaɗai ya san cikinsa.

OneStream, da Oracle EPM wadda ta gaji Hyperion da Oracle ya saya a 2007, da CCH Tagetik, da kayan kamfanin SAP, asalin ƙarfinsu a wani wuri yake: haɗa lissafin rukunin kamfanoni. Idan uwar kamfani tana da 'ya'ya goma sha biyu a ƙasashe biyar, kowane da kuɗin ƙasarsa, suna saye da sayarwa a tsakaninsu, dole a juya kuɗaɗen zuwa guda, a cire cinikin cikin gida don kada a ƙirga shi sau biyu, a ware rabon ƙananan masu hannun jari, a fitar da rahoton da ya bi ƙa'idojin akanta na duniya, wato IFRS, wanda mai binciken kuɗi zai yarda ya sa wa hannu. Waɗannan manhajoji suna yin kasafi da hasashe ma, kuma amfaninsu shi ne kasafin da lambobin gaske suna zaune a ma'auni ɗaya. Saboda haka idan abin da ke hana ku barci shi ne rufe littafin wata, ku dubi OneStream da takwarorinta. Idan kuwa daidaita ciniki da samar da kaya ne, ku dubi Anaplan da nata. Kamfani guda mai reshe biyu da ya sayi ɗaya daga cikinsu ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfin kansa.

Kamfanin da babbar manhajarsa ta yau da kullum ta SAP ce ko ta Oracle, ya fara duba abin da gidan yake da shi kafin ya leƙa waje, domin haɗin bayanai yakan fi sauƙi. Ya duba kawai na ce, ba ya ɗauka ido rufe ba.

Abin da takardar talla ba ta faɗa

Kuɗin lasisi na shekara ɓangare ne kawai. Akwai kuɗin kafawa, wanda a manyan manhajoji yakan yi gogayya da lasisin kansa. Akwai na horarwa, da na haɗa ta da manhajar akanta da ta albashi, da ƙarin da za a yi muku ranar sabunta kwantiragi bayan kun riga kun saba. Ku nemi a rubuta muku jimlar shekara uku, a kuma rubuta iyakar ƙarin da za a iya yi. Ku tambayi yadda ake ƙirga masu amfani: manajan da zai shiga sau huɗu a shekara ya cike layi goma, shin kuɗinsa ɗaya da na akantan da yake ciki kullum? Ku tambayi yadda za ku kwashe bayananku idan kun tashi rabuwa, da ƙasar da ake ajiye su, tunda albashin mutane yana ciki kuma dokokin kare bayanan mutane irin GDPR ta Tarayyar Turai suna da magana a kan haka.

Abin da ya fi jinkirta irin wannan aiki, a abin da na gani, ba manhajar ba ce. Jerin asusun kamfani ne. Na taɓa zama a kan aikin da aka yi makonni ana jayayya saboda reshe ɗaya yana rubuta kuɗin gyaran mota a ƙarƙashin sufuri, ɗaya kuma a ƙarƙashin gyare-gyare, na uku ya buɗe masa asusu na kansa. Babu manhajar da za ta yanke wannan hukunci, sai mutane sun zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar kasafi galibi a nan take. A share jerin asusu da sunayen sassa kafin a sa hannu a kwantiragi, don kada ƙwararrun da ake biya da awa su zauna suna jiran ku gama gardama.

Kusan kowace manhaja yanzu tana tallan ƙirƙirarriyar basira. Tana da amfani wajen hasashen abin da ke da dogon tarihi mai tsafta, kamar cinikin hajar da ake sayarwa kullum, da wajen nuna lambar da ta kauce wa 'yan'uwanta. Ba ta san cewa babban abokin cinikinku yana shirin tafiya ba. Kada ta zama dalilin zaɓi.

Gani ya kori ji. Kada ku yarda da nunin da mai talla ya shirya da lambobinsa, domin sayen kifi a ruwa ne. Ku rage jerinku zuwa manhaja biyu ko uku, ku ba kowanne lambobinku na gaske na shekara guda bayan an sa hannu kan riƙe sirri, ku ce ya gina sashe ɗaya. Sannan a gabanku ku ba shi aiki uku: ya canza farashin canjin kuɗi daga watan Yuli ku ga ko ya ratsa har lissafin kuɗin hannu, ya ƙara sabon reshe, ya kuma nuna muku wanda ya canza wata lamba da abin da take kafin a canza ta. Bayan haka ku ce ya matsa gefe, akantanku mafi ƙarancin shekaru a aiki ya zauna ya maimaita na biyun da hannunsa. Ku kira manajoji biyu da ba na sashen kuɗi ba su cike nasu ba tare da an riƙe musu hannu ba, ku lura da fuskarsu. Ku kuma nemi lambar wani kamfani mai girmanku da ya shekara biyu yana amfani da ita, ku tambaye shi abin da har yanzu yake yi a Excel.

Lokacin farawa ma zaɓi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada a soma kafa manhaja ana saura wata biyu a miƙa kasafi. A fara da an rufe littafin shekara, a loda lambobin bara da kasafin bana, a yi hasashen wata uku na farko a cikinta da kuma a tsohon fayil gefe da gefe, a bi duk bambancin da ya fito har a gano tushensa. Idan hasashen wata uku na biyu ya zo lambobin suka daidaita, sai a mayar da tsohon fayil na karantawa kawai, a buɗe kasafin baɗi a sabuwar.